Jihar Legas: Fitattun Mutane da Manyan Al'amura a Tarihinta

Jihar Legas, wadda Hausawa suka saba kira Ikko, tana kudu maso yammacin Najeriya, a gaɓar Tekun Atalantika. Ita ce mafi ƙanƙantar jiha a ƙasar wajen faɗi. An ƙirƙiro ta ranar 27 ga Mayu, 1967, amma garin ya girme ta da ɗaruruwan shekaru.

Asali

Aworawa, wani reshe na Yarabawa, su aka fi dangantawa da fara zama a tsibirin, suna su da noma. Ana kyautata zaton wajen ƙarni na 16 ne mayaƙan daular Benin, ta jihar Edo ta yau, suka kafa sansani a wurin. Har yau ana ja-in-ja kan matsayin Benin a asalin sarautar Oba, wato sarkin Legas. A ƙarni na 18, zamanin Oba Akinsemoyin, fataken Fotugal suka sami gindin zama, garin ya zama babbar tashar cinikin bayi.

Kosoko da Akitoye

Rikicin cikin gida ne ya buɗe wa Turawan Ingila ƙofa. A 1845 Kosoko ya tumɓuke Akitoye, ɗan'uwan mahaifinsa, ya hau gadon. Akitoye ya yi gudun hijira zuwa Abeokuta, daga nan ya sauka Badagry, inda ya nemi taimakon Ingila bisa alkawarin zai hana sayar da bayi. A watan Nuwamba na 1851 jakada John Beecroft ya zo da jiragen yaƙi, mayaƙan Kosoko suka fatattake su. Suka sake shiri, suka dawo a ƙarshen Disamba suka yi wa garin luguden igwa. Kosoko ya ja jama'arsa zuwa Epe, Akitoye ya koma kan karaga, ya sa hannu a yarjejeniyar haramta cinikin bayi ranar 1 ga Janairu, 1852.

Turawa sun ce bauta suka zo kashewa; masana da dama na ganin kasuwar manja ma tana cikin lissafinsu. Ko ma mene ne, shekara goma ba ta cika ba sai ga Oba Dosunmu, ɗan Akitoye, yana miƙa garin ga Sarauniyar Ingila ranar 6 ga Agusta, 1861, jirgin yaƙi na tsaye a bakin ruwa. Ladarsa fanshon buhun wuri 1,200 a shekara. An bar Kosoko ya dawo gida a 1862, ba sarauta.

A wannan zamanin ne Madam Efunroye Tinubu ta shahara. Attajira ce mai fataucin bayi, manja da makamai, mai faɗa a ji a fadar Akitoye da ta Dosunmu. Matsin lambar jakada Benjamin Campbell ta sa aka kore ta zuwa Abeokuta a 1856, can aka naɗa ta Iyalode, wato shugabar mata. Ta rasu a 1887. An saɓa kan ko ta taɓa barin cinikin bayi.

Zamanin Turawa

A 1863 John Glover ya tara wasu Hausawa, akasarinsu bayin da suka tsere wa iyayen gijinsu, ya mai da su dakaru masu ɗauke da bindiga. Daga wannan ƙaramar runduna Sojan Najeriya ke faro tarihinsa.

'Yantattun bayi da suka dawo daga Saliyo da Brazil sun sauya fasalin garin. Daga cikin zuriyar Saliyo akwai T. B. Macaulay, wanda ya kafa makarantar sakandaren mishan ta CMS a 1859, da Mohammed Shitta, attajirin da ya gina masallacin Shitta-Bey da aljihunsa. An buɗe masallacin a 1894, Sarkin Daular Usmaniyya kuma ya ba shi muƙamin Bey. Layin dogo ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano bayan kamar shekara goma. A 1914 Legas ta zama hedkwatar Najeriya haɗaɗɗiya.

Herbert Macaulay, ɗan wancan mai makaranta, shi ne ƙashin bayan adawa da Turawa. Ya raka Cif Amodu Tijani Landan a shari'ar filayen Apapa, aka yi nasara a 1921. A 1923 ya kafa NNDP, jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya. Ciwo ya kama shi a Kano lokacin rangadin jam'iyyar NCNC, aka mai da shi Legas, ya rasu ranar 7 ga Mayu, 1946. Alimotu Pelewura, mai sayar da kifi da ta shugabanci matan kasuwa, ta mara masa baya, ta kuma yaƙi harajin mata da ƙayyade farashin abinci lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan kafa jiha

Mobolaji Johnson ne gwamnan farko, daga 1967 zuwa 1975. An mai da fadar jihar Ikeja a 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a Legas ranar 13 ga Fabrairu, kwanaki kaɗan bayan ya sanar da shirin gina Abuja. Gwamnatin tarayya ba ta tare can ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991.

Cikin gwamnonin farar hula, Lateef Jakande, daga 1979 zuwa 1983, shi aka fi tunawa. Ya soke karatun safe da yamma ta hanyar gina ajujuwa barkatai, ya yi rukunonin gidaje masu rahusa, ya kafa jami'ar jihar. Jirgin ƙasan cikin gari da ya faro, sojoji suka soke shi a 1985. Tun 1999 an yi Bola Tinubu, Babatunde Fashola, Akinwunmi Ambode da Babajide Sanwo-Olu.

Ranar 27 ga Janairu, 2002, ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, fiye da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu sun nutse ne a magudanar Oke-Afa wajen gudu. A 2014 Dakta Stella Adadevoh, tattaɓa-kunnen Herbert Macaulay, ta hana mai cutar Ebola na farko a Najeriya fita daga asibiti. Cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta.

Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9 da 'yan kai. Gwamnatin jihar ta ƙi yarda, ta ce sun haura miliyan 17.