Tsokokin Kai a Tsutsotsin Ƙwari

Tsokokin kai su ne ƙananan tsokokin da ke motsa muƙamuƙi da leɓe da maƙogwaron ƙwaro tun yana tsutsa. Da yake ƙwaro ba shi da ƙashi a ciki, tsokokin suna manne ne da bangon ƙoƙon kai, wasu kuma da wani ginshiƙi mai rassa da masana ke kira tentoriyam. Tun a 1760 Pierre Lyonet, mutumin Holan, ya feɗe wata tsutsa mai cin itace, ya ƙirga tsoka sama da 4,000 a jikinta, 228 a kai kaɗai.

Abin da tsutsa ke ci shi ke nuna tsokar da za ta fi girma. A wajen masu tauna, irin su gwazarma da tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, muƙamuƙi biyu ne masu haɗuwa ta gefe da gefe. Kowanne yana da tsoka mai rufewa da mai buɗewa. Mai rufewar ƙatuwa ce, ta cike mafi yawan ƙoƙon kai, zarenta sun bazu kamar mafici sun taru a kan jijiya ɗaya. Mai buɗewar siririya ce, don buɗe baki ba ya cin ƙarfi. Ƙoƙon ba ya miƙewa, saboda haka sai tsutsa ta yi saɓa kafin ta samu babban kai mai ɗaukar manyan tsokoki, kuma daga nan ne ɓarnarta a gona ke ƙaruwa.

Tsutsar sauro tace ruwa take yi. Tsokokin leɓen sama ne ke kaɗa wasu tukkayen gashi biyu, su janyo ruwa da ƙwayoyin abinci zuwa baki. Ta sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, takan kwanta a saman ruwa, ta murɗa kanta gaba ɗaya har baki ya kalli sama.

Tsutsar ƙuda ce ta fi kowa sauyawa. Ƙoƙon kai ya ɓace, ragowarsa ta nutse cikin gaban jiki ta zama wani baƙin ƙwarangwal mai ƙugiya biyu, waɗanda tsokoki ke ɗagawa su sauke. Babban aikin ya koma kan tsokokin da ke faɗaɗa maƙogwaro su zuƙo abinci mai ruwa-ruwa.

Amfanin kwatancen shi ne gano dangantaka tsakanin ƙwari, sai dai girman tsoka yakan yaudari mai bincike, tunda abinci iri ɗaya kan haifar da kama ko babu zumunta. Shi ya sa ake duba inda tsoka ta taso, da inda ta maƙale, da jijiyar da ke kai mata saƙon motsi. Yanzu na'urar maikiro-siti, mai ɗaukar hoton cikin ƙananan abubuwa, na nuna wannan ba tare da an feɗe kan ba.