Waiwaye: Malamin Turanci a ƙasar wasu, daga katin Ibadan zuwa tallan WhatsApp

Tun da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023, hirar fita waje ta ƙaru a majalisun matasanmu na Agege, Idi-Araba da Obalende. Da yawa daga cikinsu sun yi NCE ko digiri a Turanci, suna koyarwa a ƙananan makarantun kuɗi inda albashi bai kai naira dubu 85 ɗin da gwamnatin Legas ta yanka wa ma'aikatanta a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba. Sai ga talla yana yawo a waya: ana neman malaman Turanci a Tailan, a Biyetnam, a ƙasashen Larabawa, ga gida kyauta, ga tikitin jirgi. Dalali kuma yana Ikeja, abin da yake nema kawai fasfo da kuɗin cike fam.

Koke-koken masu wannan aiki ba yau suka fara ba, kuma ɗaya daga cikin na farko a ƙasar nan aka yi shi. A 1961 shugaban Amurka John Kennedy ya kafa Peace Corps, shirin tura matasan Amurka aikin sa kai kamar koyarwa a ƙasashen waje, Najeriya na cikin ƙasashen da aka fara turo wa matasan. A watan Oktoba na shekarar, wata daga cikinsu da ke karɓar horo a kwalejin jami'a ta Ibadan ta rubuta kati zuwa gida tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin bai kai gidan waya ba, ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafa suka raba, aka yi zanga-zanga, ita kuwa ta tattara ta bar ƙasar. Baƙuwa tana kukan wurin zama, masu gida suna jin an raina su.

Shekaru 15 bayan haka, da aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, arzikin mai ya yi yawa, malamai suka yi kaɗan. Aka kwaso su daga Indiya, Pakistan, Filifin, sannan uwa-uba Gana. Duk wanda ya yi makaranta a Legas ko a Arewa a wancan zamani ya san malamin Gana da tsananinsa kan nahawu da furuci. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu a watan Janairun 1983. Mutanen Gana kimanin miliyan guda suka fita, wasu ta iyakar Seme, wasu suka yi ta kwana a tashar jirgin ruwa ta Apapa suna jiran jirgi. Malamai da yawa na cikinsu. Jakar nan mai zanen dara da muke zuba kaya a tashar mota, sunansu take ɗauke da shi har gobe. Na kawo wannan ne don kada mu ɗauka mu ba mu taɓa zama masu masauki ba.

Kasuwar ta zamani a gabashin Asiya ta bunƙasa. Japan ta buɗe shirin JET na ɗauko malaman Turanci daga waje a 1987, Koriya ta Kudu ta biyo da EPIK a 1995, kuma a gefen waɗannan na gwamnati makarantun lesin masu zaman kansu suka cika birane. A nan ne aka ɗinka tsarin da ya haifi yawancin ƙorafin: mai makaranta shi ke nema maka biza, shi ke kama maka ɗaki, shi ke biyanka albashi. Igiya uku a hannun mutum ɗaya. Ranar da kuka saɓa, ba aiki kaɗai ka rasa ba, har da makwanci da izinin zama.

Kamfanin Nova na Japan ya nuna hakan ƙarara. Shi ne mafi girma a harkar, yana da rassa ɗaruruwa, ya durƙushe a watan Oktoban 2007. Dubban malamai baƙi suka wayi gari ba albashi. Abin da ya fi ciwo, kuɗin hayar da ake cirewa daga albashinsu bai kai hannun masu gidajen ba, aka riƙa liƙa musu takardar tashi. A Koriya kuwa, bizar koyarwa ta E-2 a ɗaure take da makarantar da ta kawo ka. Idan kana son sauya wuri kafin kwantiragi ya ƙare, sai mai makaranta ya rubuta maka takardar sallama, in ya ƙi shike nan. Shi ya sa wasu ke jira albashi ya shiga, su haɗa jaka cikin dare su nufi filin jirgi ba sallama. Daga ƙarshen 2007 aka kuma wajabta wa malaman waje gwajin ƙanjamau, wanda ba a yi wa takwarorinsu 'yan ƙasa. Wata malama 'yar Niyu Zilan ta kai ƙara, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya ba ta gaskiya a 2015, amma sai a 2017 aka soke gwajin.

Ɗakin da talla ke kira gida kyauta, galibi ɗaki ɗaya ne, gado a nan, murhu a can, banɗaki ƙarami wanda in ka yi wanka ko'ina sai ya jiƙe. A wurin aiki, sa'o'in da aka rubuta na tsayuwa gaban allo ne kawai, ban da shirya darasi, da duba littattafai, da tsayawa a ƙofa kana gaisar da iyaye don su ga baƙon da suka biya kuɗi dominsa. Iyayen su ne kwastomomi, saboda haka yaro ba ya faɗuwa jarrabawa, malami ne ke faɗuwa.

Wannan duk kukan waɗanda aka yarda su shiga ta ƙofar gaba ne. Koriya ta keɓe bizar koyar da Turanci ga ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, duk da cewa da Turanci muke karatu tun daga firamare har jami'a. A wasu ƙasashen ana karɓarmu, amma bayan jarrabawar gwada Turanci ta TOEIC ko IELTS, kuma a kan albashin da bai kai na Bature ba ko da an fi shi takardu. Tallan da ke neman a haɗa hoto da takardar neman aiki, kowa ya san abin da ake dubawa.

A nan dalali ke cin kasuwarsa. Zai ce maka, ɗan'uwa ka shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta ɗalibi, in ka isa makaranta za ta gyara. A Sin, aiki sai da bizar Z, wanda aka kama yana koyarwa da wata daban tara ce, ko tsarewa, ko kora, kuma ba ya da bakin kai ƙarar wanda ya cinye masa albashi. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu ba su manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal da sunan korona, har kakakin majalisar wakilai na lokacin Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyo. A Yulin 2021 kuma gwamnatin Sin ta hana kamfanonin lesin cin riba a manyan darussan makaranta, ta hana ɗaukar malaman da ke zaune a waje su koyar da yara ta intanet. Ayyuka masu yawa suka mutu a 'yan watanni, malamai suka kwarara Biyetnam da Tailan.

Ƙasashen Larabawa, waɗanda mutanenmu suka fi natsuwa da su saboda addini da abinci, tsarin kafala ne, kafili ke riƙe da kai. Katar ta sassauta a 2020, Saudiyya a 2021, amma labarin riƙe fasfo da jinkirin albashi bai ƙare ba.

Hanyar da ta fi tsafta tsohuwa ce, kuma tamu ce: shirin TAC da aka kafa a 1987 zamanin Babangida, lokacin Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje. Gwamnati ke tura ƙwararru, ciki har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Gurbin kaɗan ne, masu nema ba adadi. Birtaniya ma ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman lasisin koyarwa a watan Fabrairun 2023, har aka riƙa tururuwar neman takardar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya. Da aka karanta sharuɗɗan sai aka ga lissafi ne da kimiyya da wasu harsuna, Turanci ba ya ciki.

Wasu yanzu sun haƙura da tafiya, suna koyarwa ta intanet daga ɗakunansu a Agege, suna karɓar 'yan daloli a kan kowane darasi. Su ma da nasu kukan: wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar darasi, kuma tun da aka ninka kuɗin lantarkin rukunin Band A fiye da sau uku a Afrilun 2024, wani kaso na dalar a mita da janareta yake ƙarewa.