Ma'anar Juyin Halitta ta Hanyar Zaɓin Yanayi

Duk manomin da ya taɓa tsayawa a bakin rumbu bayan girbi yana ware zangarniyar gero mafi cika domin irin baɗi, ya riga ya san rabin abin da masana kimiyya ke nufi da juyin halitta. Ya san cewa zangarniyoyin gona ɗaya ba sa zama iri ɗaya, ya san cewa ɗa kan ɗauko siffar iyayensa, ya kuma san cewa idan aka dage da zaɓen mai kyau shekara da shekaru, amfanin gonar gaba ɗaya yakan sauya kama. Sauran rabin yana cikin tambayar da Baturen Ingila Charles Darwin ya yi wa kansa: a daji da cikin teku, inda babu manomi, me ke yin zaɓen?

Juyin halitta shi ne sauyin da ke samun siffofin da ake gada a cikin jinsin dabba, ko tsiro, ko ƙwayar cuta, daga zuriya zuwa zuriya. Zaɓin yanayi kuwa shi ne babbar hanyar da sauyin ke bi. Kowane jinsi yana haifar 'ya'ya fiye da adadin da abinci da muhalli za su iya ɗauka, kuma 'ya'yan suna da ƙananan bambance-bambance a tsakaninsu. Waɗanda bambancinsu ya dace da fari, ko sanyi, ko cutar da ke wurin, su ne suka fi kaiwa ga haihuwa, saboda haka siffarsu ke yawaita a zuriya ta gaba. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin sukan ɗauka dabba ɗaya ce ke rikiɗa a tsawon rayuwarta. Sauyin yana faruwa ne a kan jinsi gaba ɗaya. Haka kuma masanan ba su ce birin da muke gani yau shi ya zama mutum ba. Abin da suke cewa shi ne, mutum da manyan birai sun haɗa kaka a wani zamani mai nisa.

Darwin ya tattara yawancin abin da ya lura da shi ne a tafiyar da ya yi cikin jirgin ruwa mai suna Beagle daga 1831 zuwa 1836, wadda ta kai shi tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik. Ya yi kimanin shekara ashirin yana juya maganar bai buga ta ba, sai da wani masanin halittu ɗan Birtaniya, Alfred Russel Wallace, ya aiko masa da takarda daga yankin da yau ake kira Indonesiya ɗauke da irin wannan tunani. Aka karanta bayanan mutanen biyu a Landan a 1858, littafin Darwin kan asalin jinsuna kuma ya fito a 1859. A lokacin bai san yadda ake gadon siffa ba. Binciken Gregor Mendel a kan tsiro, da gano tsarin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, a 1953, su suka cike wannan giɓi.

A ganina, hujjar da ta fi kusa da mu tana cikin takardar gwajin jinin da ake nema kafin ɗaurin aure. Amosanin jini, wato sikila, ciwo ne mai tsanani, kuma a da yawancin yaran da aka haifa da nau'in SS ba sa kaiwa shekarun haihuwa. A bisa hankali, irin wannan gado ya kamata a ce ya ɓace tuntuni, amma sai ga shi kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Najeriya yana ɗauke da AS. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ke nan a ƙasar da sauro ya yi katutu, yaro mai AA yana fuskantar barazanar zazzaɓi, mai SS yana fama da sikila, mai AS kuwa ya fi su damar girma ya haihu ya bar wa zuriyarsa abin da ya gada. Shi ya sa idan aka ɗora taswirar sikila a kan taswirar zazzaɓin cizon sauro, sai a ga sun kusa zama ɗaya.

Ita ma ƙwayar zazzaɓin ba ta tsira daga wannan doka ba. Manya suna tuna lokacin da kulorokwin ke sauke zazzaɓi cikin kwana biyu ko uku, duk da ƙaiƙayin da take sa wa wasu. Amma cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar akwai 'yan kaɗan da maganin bai kashe ba, su ne suka hayayyafa bayan an kawar da 'yan uwansu. An ga wannan bijirewa a Gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, ta bazu zuwa yamma, har ƙasashen nahiyar suka koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT. Wannan juyi ne da ya auku a gaban idon mutanen da ke raye.

Ana kiran bayanin da sunan nazariyya, kuma wasu kan ɗauka kalmar tana nufin shaci-faɗi. A kimiyya, nazariyya bayani ne da ya haɗa hujjoji masu yawa, wanda kuma ake iya gwada shi. Misali, masana sun lissafa cewa idan dabbobin tudu daga kifi suka samo asali, ya kamata a sami wata halitta ta tsakiya a duwatsun da suka kai kimanin shekara miliyan 375. Suka nufi irin waɗannan duwatsu a arewacin Kanada, kuma a 2004 suka tono Tiktaalik, kifi mai wuya, da ƙasusuwa irin na hannu a cikin fiffikensa. Muhawarar da ake yi tsakanin malaman addini game da asalin ɗan Adam fage ce daban mai nata dalilai, kuma ba ta hana likitoci amfani da wannan ilimi a asibiti ba.

Hamadar Sahara ma tana da nata kaso na shaidar. A Gadufawa ta Jamhuriyar Nijar an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe fiye da shekara miliyan 100, ciki har da wanda aka raɗa wa suna Nigersaurus, abin da ke nuna cewa wurin da yau yake rairayi ya taɓa zama ƙasar koguna. A 2001 kuma, a hamadar Jurab ta arewacin Cadi, ayarin masu bincike ƙarƙashin Bafaranshe Michel Brunet ya gano ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7. Ramin da laka ke bi a ƙasan ƙoƙon ya matso gaba, kamar na halittar da ke tafiya a miƙe, amma har yanzu masana suna jayayya kan ko da ƙafa biyu Tumai ya yi tafiya.