Transport Tycoon da OpenTTD

Transport Tycoon wasan kwamfuta ne na harkar sufuri wanda Chris Sawyer ya rubuta, kamfanin MicroProse ya fitar a 1994. A 1995 aka samu Transport Tycoon Deluxe, wanda lokacin cikin wasan ke tafiya daga shekarar 1950 zuwa 2050. Da bashin banki ake farawa, fam 100,000, a shimfiɗa layin dogo, a gina tasha, a sayi jirage da motoci don jigilar fasinja da kaya.

Ana biyan kuɗi gwargwadon nisan tafiya da kwanakin da kaya suka yi a hanya. Shi ya sa gogaggu ke farawa da ɗaukar kwal daga mahaƙa zuwa tashar lantarki, domin kuɗinsa ba ya saurin faɗuwa ko an yi jinkiri.

Sigina, wato alamar da ke ba jirgin ƙasa izinin wucewa ko ta tsayar da shi, ita ce ke kayar da sabon shiga. Jirage biyu a layi ɗaya babu sigina, karo ne. In kuma an dasa ta ba daidai ba, sai su tsaya suna fuskantar juna, kaya na taruwa a tasha, ruwan bashi na tafiya. Maganin shi ne a yi wurin kaucewa mai layi biyu, tsawonsa ya ɗara jirgi mafi tsawo, a sa sigina kafin mahaɗa, kada a sa ta dab da bayanta. Wanda ya saba hawa jirgin Rigasa zuwa Idu ya san tsarin, tunda layi ɗaya ne, a tashoshin hanya ake kauce wa juna. Hukumar gari ta cikin wasan ma tana da nata: a yawaita sare itatuwa, ta hana gina tasha har sai an dasa wasu.

A 2004 Ludvig Strigeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da OpenTTD, sabon rubutu na Deluxe wanda kowa ke saukewa kyauta. Daga fitowa ta 1.0 a 2010 yana da zane da sauti nasa, ba ya buƙatar fayilolin asali. Taswirar wasan, wadda a Deluxe ta tsaya a murabba'i 256 sau 256, ta kai 4096 sau 4096, kamfanoni 15 na iya gogayya ta intanet, kuma tsohuwar laftof tana ɗaukarsa in taswirar ba ta cika girma ba.

Locomotion, wani wasan sufuri da Sawyer ya fitar a 2004, bai samu irin wannan karɓuwa ba, amma masoyansa sun sake gina shi da sunan OpenLoco.