Tuwo, ciyawa da cutar sikila: tambayoyi kan manyan sinadaran jikin masu rai

Waɗanne ne ake kira manyan sinadaran rai?

In aka cire ruwa da ma'adinan ƙashi, yawancin abin da ya rage a jikin mai rai gida huɗu ne: dangin sitaci da sukari, furotin, kitse da mai, sai DNA da RNA, masu ɗauke da bayanan gado. Uku daga cikinsu ginin carbi gare su, wato ƙananan ƙwayoyi ne da aka jera a zare ɗaya, ɗaruruwa ko miliyoyi. Kitse ne kawai ba a jera shi haka. Bajamushen nan Hermann Staudinger ne ya dage tun 1920 cewa akwai sinadarai masu irin wannan tsawo, abokan aikinsa suka yi ta musu, sai a 1953 ya samu kyautar Nobel.

An ce sitaci da ciyawa duk daga gulukos suke, wani nau'in sukari. To me ya hana mu cin ciyawa?

Gaskiya ne. Sitacin da ke cikin tuwon dawa da selulos, wato sinadari mai tauri da ke cikin ciyawa da karan dawar, duk jerin gulukos ne. Bambancin yana wajen ƙulli. Yawunmu da hanjinmu suna da sinadarin da ke kwance ƙullin sitaci, amma ba su da na selulos, don haka yadda ya shiga haka yake fita. Ita ma saniya ba da ƙarfinta take yi ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke narkar mata da ciyawar.

Ina amfanin kitse?

Ajiya ce. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4. Kuma fatar da ke kewaye kowace ƙwayar halitta daga dangin mai aka yi ta.

Me ya sa aka fi yawan maganar furotin?

Don shi ne ke yin aikin. Narkar da abinci, motsin tsoka, ɗaukar iska a jini, yaƙi da ƙwayoyin cuta, duk furotin ne. Ana gina shi daga jerin ƙananan ƙwayoyi da ake kira amino asid, iri 20, kuma 9 daga ciki jikinmu ba ya iya ƙera su, sai an ci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya mai suna laisin, wake kuwa yana da shi isasshe, shi ya sa shinkafa da wake haɗi ne mai ma'ana, ba abincin maleji ba kamar yadda wasu ke raina shi.

Jerin amino asid kaɗai bai isa ba, sai zaren ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa. Zafi ko tsami yakan rushe siffar. Abin da ke faruwa ke nan idan farin ƙwai ya daskare a kasko, ko madara ta zama kindirmo.

Kuskure a ƙwaya ɗaya tak zai iya yin illa?

Sosai kuwa, kuma mun fi kowa ganinsa, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, yana da zare huɗu masu amino asid 574 gaba ɗaya. A mai sikila, a gurbi na 6 na zaren da ake kira beta, amino asid mai suna balin ne ya zauna a wurin wani mai suna gulutamik asid. Shi ke nan. Idan iska ta yi ƙaranci sai himogulobin ya manne da juna, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu cutar daban ne, Vernon Ingram kuma ya gano cewa amino asid ɗaya ne ya canja.

Wa ke tsara wannan jeri?

DNA. Friedrich Miescher ya fara tace shi a 1869 daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa, da taimakon hotunan ɗakin binciken Rosalind Franklin. Ƙwayoyin da aka jera a zarensa iri huɗu ne, ana kiransu da haruffan A, T, G da C, kuma kowane uku suna nuni ga amino asid ɗaya. A sikila, harafin A ɗaya ne ya koma T cikin kusan biliyan 3. Idan miji da mata duk AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, ko da 'ya'yan farko sun fito lafiya.