Ƙarin Bangon Tumbi da Ake Tsinta Lokacin Leƙa Ciki

Ƙarin bangon tumbi ƙullutu ne da ke tsirowa a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe cikin tumbin mutum, kuma galibi ba a sanin yana nan sai likita ya zura na'urar leƙa ciki ta maƙogwaro saboda wata larura dabam. A Koriya ta Kudu ana yi wa duk wanda ya kai shekara 40 binciken tumbi bayan kowace shekara biyu, ko da lafiyarsa ƙalau. A ƙauyukan Kano da Jigawa kuwa, yawanci mai fama da gyambon ciki ne, wanda ya sha magani har ya gaji, ake turawa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, can a ci karo da shi. A allon na'urar yakan fito kamar ɗan tudu mai santsi, fatar kansa lafiyayya, sau da yawa bai fi ƙwayar gurjiya ba.

Ƙarin iri-iri ne. Wani kitse ne zalla, wani tsoka ce da ta dunƙule, kuma waɗannan ba kasafai suke cutarwa ba. Wanda likitoci suka fi sa wa ido shi ne GIST, mai fitowa daga ƙwayoyin da ke tsara motsin tumbi da hanji, domin yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji. A 1998 masu bincike a Japan suka gano sauyin ƙwayar halittar KIT da ke haddasa mafi yawansa, sannan a 2002 Amurka ta amince da maganin imatinib ga wanda ya bazu ko ya gagari tiyata.

Tantance shi ke da wuya. Tun da a ƙarƙashin fata yake, naman da ake gutsurowa daga sama ba ya cika kaiwa gare shi, sai an haɗa da na'urar da ke amfani da sauti wajen ɗaukar hoto, mai haɗe da allura, wadda ba kowane asibiti ke da ita ba. GIST da ya haura santimita 2 akan cire shi da tiyata, ƙaramin ƙari marar alamar haɗari kuwa akan bar shi ana sake dubawa. Wannan komawar ce babban abin damuwa ga mutumin karkara, domin ƙarin ba ya ciwo, ga kuɗin mota, ga aikin gona da damina. Baƙin bayan gida, aman jini, ko kasala ta ƙarancin jini alamu ne cewa ƙarin na iya zubar da jini, kuma mai su bai kamata ya jira ranar da aka ba shi ba.