Zanen Makiyayan Bask a Jikin Itatuwa

Zanen makiyayan Bask rubuce-rubuce ne da hotuna da makiyayan tumaki 'yan ci-rani suka yi da tsinin wuƙa a ɓawon itatuwan asfen da ke tsaunukan yammacin Amurka, musamman a jihohin Nebada da Kalifoniya da Aidaho. Mutanen Bask 'yan asalin yankin tsaunukan Firenis ne da ke kan iyakar Sifen da Faransa, kuma sun fara kwarara Amurka bayan gano zinariya a Kalifoniya a 1848, daga baya suka rungumi kiwo.

Da bazara makiyayi kan hau tsauni da garken da ya haura tumaki dubu, ya shafe watanni daga shi sai karensa. Ɓawon asfen fari ne mai laushi, don haka gwanin makiyayi kan tsaga shi siriri kawai da wuƙa ko ƙusa, sai bayan shekaru tabon ya yi baƙi ya buɗe yayin da itacen ke ƙara kauri. Wanda ya zurfafa yanka kuwa zanensa kan dagule. Mafi yawan abin da aka rubuta suna ne da kwanan wata da garin haihuwa, amma akwai hotunan gidaje da majami'u da mata, wasu na batsa, da ƙorafi a kan iyayen gida, da kirarin siyasa irin su "Gora Euskadi", wato ƙasar Bask ta daɗe. Sun yi rubutun da harshensu na Euskara da Sifaniyanci da Faransanci.

Muhimmancin zanen shi ne, waɗannan mutane ba su bar takardu masu yawa ba, sau da yawa itacen ne kaɗai shaidar cewa wane ya yi kiwo a wuri kaza a shekara kaza. Masanin tarihi Joxe Mallea-Olaetxe na Jami'ar Nebada da ke Reno ya tattara bayanan zane fiye da 20,000.

Dokar kiwo ta Taylor ta 1934 ta kawo ƙarshen yawon kiwo barkatai a filayen gwamnati, kuma daga shekarun 1970 makiyaya daga Feru da Chile suka maye gurbin 'yan Bask. Da yake asfen ba kasafai yake wuce shekara ɗari ba, tsufa da gobarar daji na cinye zanen, shi ya sa masu bincike ke ɗaukar hotuna tare da kwafe su a kan ƙyalle da kakin zuma.